Darasi na 9: Gudan Jini a Huhu Bayan Cutar Korona

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda gudan jini ke tasowa daga ƙafa ya je ya toshe hanya a huhu;
2. faɗin dalilin da ya sa korona ke ƙara wannan haɗari;
3. gane alamomin ciwon a ƙafa da ƙirji;
4. sanin abin yi da abin bari kafin a isa asibiti;
5. ƙirga numfashi da bugun jinin majiyyaci.

Shimfiɗa

Da wuya a sami wanda ya manta da azumin shekarar 2020. An rufe makarantu, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, kasuwanni sun yi tsit, maniyyatanmu kuma ba su sami sauke farali ba. Cutar da ta jawo wannan duka ta ɓulla ne a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba 2019. Ta shigo Najeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, ta iso Kano ranar 11 ga Afrilu, kuma kafin watan ya ƙare an tabbatar da ita a Jigawa, zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar.

A makonnin nan ne aka yi ta mace-mace a Kano, yawanci dattawa. A watan Yuni, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kuma bincike ya nuna kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na rasuwar suna da alaƙa da korona. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama annobar da ke buƙatar matakin gaggawa na duniya. An janye dokoki, an ajiye takunkumi, amma ƙwayar cutar tana nan tana yawo cikin mutane kamar mura. Mun saba jin cewa korona ciwon numfashi ce. Wannan gaskiya ne, sai dai tana da wata ɓarna da ba a cika faɗa ba: tana sa jini ya daskare a cikin jijiya. Wani lokaci ma sai bayan zazzaɓi ya sauka, an fara yi wa mutum barka da arziki, sannan wannan ɓarna ke bayyana. Ita ce darasinmu na yau.

Karatu: Ƙafar Baba

Wannan misali ne da aka tsara domin aji. A karanta shi da ƙarfi, ɗalibi bayan ɗalibi.

Wani magidanci ne a wani ƙauye kusa da Zandam, ya ba shekara 60 baya. Manomi ne, yana kuma kai hatsi kasuwar Sara. Da hunturu ya kama zazzaɓi da tari da ciwon jiki, har ya daina jin ƙanshin abinci. Ya yi kwana 10 a kwance, ko salla a kan shimfiɗa yake yi. Da ya fara samun sauƙi, sai wata safiya ya ga ƙafarsa ta hagu ta kumbura daga idon sawu zuwa gwiwa, sha-raɓar tana masa ciwo kamar an ɗaure ta da igiya.

Uwargidansa ta duba ta ce, "Malam, sanyi ne ya sauka a ƙafar nan. Bari in ɗora ruwa a gasa ta, a kira wanzami ya yi maka ƙaho."

Babban ɗansa, wanda ke zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, ya durƙusa ya gwada ƙafafun biyu da zare. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, kada a taɓa ƙafar nan. Ɗaya ce ta kumbura, ga ta da ɗumi, ga shi Baba ya daɗe a kwance. An koya mana cewa irin wannan zai iya zama gudan jini. In aka murza shi, zai iya ɓallewa ya hau ƙirji."

Dattijon ya ce, "Kai, yaro, me ya haɗa ƙafa da ƙirji?"

"Baba, hanya ɗaya ce ta haɗa su. Don Allah ka yarda mu je a duba ka yau."

Dattijon ya ce a bari sai gobe. Da azahar ya miƙe zai yi alwala, taku kaɗan ya yi sai haki ya kama shi, ya dafa bango, ya ce wani abu na sukarsa a haƙarƙari in ya ja numfashi. Ɗan bai tsaya shawara ba. Ya kira direban da ke unguwarsu, aka ɗauki dattijon aka zaunar da shi a mota, aka jingina bayansa da matashi.

A ƙaramin asibiti malamin lafiya ya auna shi, ya ce, "Sannu, Baba. Wannan ya fi ƙarfin nan." Ya rubuta musu takarda zuwa babban asibiti. Can aka sa masa iskar oksijin, aka ɗauki hoton jijiyoyin ƙafar, aka ga gudan jini, aka fara masa allura. Bayan mako guda aka sallame shi da maganin da zai sha na wata 3. Da damina ta faɗi, da kansa ya je gona ya tsaya a kan shuka.

Hanyar da ta haɗa ƙafa da ƙirji

Tambayar dattijon nan tana da kyau, kuma amsarta ce ginshiƙin darasin.

Duk mai noman rani ya san injin ban ruwa: yana zuƙo ruwa ta wani tiyo, ya tura ta wani. Haka zuciya take. Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa, kuma zuciya tana juya kusan dukkansa a cikin minti ɗaya. Ɓangarenta na hagu yana tura jini mai ɗauke da iska mai kyau zuwa kai da ciki da hannuwa da ƙafafu. In gaɓoɓi sun sha iskar, jinin ya komo ta wasu jijiyoyi zuwa ɓangaren dama, shi kuma ya tura shi huhu domin ya zubar da gurɓatacciyar iska ya ɗauki sabuwa. Saboda haka duk ɗigon jinin da ya baro ƙafa, sai ya ratsa huhu kafin ya je ko'ina.

Jinin ƙafa hawa yake yi, kuma hawa sai da mai turi. Mai turin shi ne tsokar sha-raɓa. Duk takun da ka yi, tsokar tana matse jijiya ta tura jini sama, wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyar kuma su rufe don kada ya koma ƙasa. In mutum ya daina taka ƙafa, wannan turi ya tsaya, jini ya kwanta.

Daskarewar jini a kan kanta rahama ce. In lauje ya yanke ka, ita ce ke tsayar da zubar jini. Matsala tana zuwa ne idan jinin ya daskare a cikin jijiyar da ke can cikin tsoka, inda babu rauni a waje. Gudan yakan yi tsawo ya bi jijiyar, wani ɓangarensa ya ɓalle, jini ya tafi da shi. Daga ƙafa zuwa zuciya hanyar ƙara faɗi take yi, don haka babu abin da zai tare shi. Amma daga zuciya zuwa cikin huhu hanyar rarrabuwa take tana tsukewa kamar rassan bishiya. A nan gudan ke maƙalewa, kamar yadda tarkacen da ruwan sama ya kwaso ke toshe bakin kwalbati.

In ƙaramin reshe ya toshe, mutum zai ji haki da suka a ƙirji. In babban reshe ne, iska na shiga huhu amma babu jinin da zai ɗauke ta, zuciya kuma tana turi a kan rufaffiyar ƙofa har ta gaji. Irin wannan kan kashe mutum cikin mintoci.

Abubuwa uku da ke haifar da gudan jini

Wani likitan Jamus mai suna Rudolf Virchow ne ya nuna, tun wajajen 1856, cewa gudan jinin da ake samu a huhun mamaci daga jijiyoyin ƙafa yake tasowa. Har yau ɗaliban likitanci na koyon dalilai uku da ake jingina wa sunansa:

Na farko, jini ya rage gudu. Ruwan da ke gudana ba ya yin gansakuka, na kududdufi ne ke yi.

Na biyu, bangon jijiya ya sami rauni daga ciki. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin lafiyayyar jijiya sumul yake, jini ba ya samun wurin kamawa. In ya ƙuje, nan gudan ke fara taruwa.

Na uku, jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa, saboda wata cuta, ko juna biyu, ko wani magani, ko gado.

Ɗaya daga cikin ukun nan kan isa ya jawo matsala. Korona kuwa tana haɗa su duka a jikin mutum ɗaya. Tana kwantar da shi kwana da kwanaki, zazzaɓi yana ƙone ruwan jikinsa, jini ya rage gudu. Tana kumbura bangon jijiyoyi daga ciki, musamman ƙananan da ke cikin huhu, har gudaji kan fito a can kai tsaye ba tare da sun taso daga ƙafa ba. Sannan yaƙin da garkuwar jiki ke yi da ƙwayar cutar yana zuba wasu sinadarai a jini da ke sa shi saurin daskarewa.

Likitoci sun gano haka tun farkon annobar. A watan Afrilu 2020, likitocin ƙasar Holan sun duba majiyyata 184 da korona ta kai su ɗakin kulawa ta musamman, suka ga kusan 1 cikin 3 ya sami gudan jini, mafi yawa a huhu, alhali ana ba su maganin kariya. A birnin Hambog na Jamus an binciki gawarwakin mutum 12 da korona ta kashe: 7 suna da gudan jini a jijiyoyin ƙafa wanda ba a san da shi ba suna raye, 4 kuma toshewar huhu ce ajalinsu. A 2022 aka fitar da wani babban bincike daga ƙasar Suwidin a kan mutum sama da miliyan 1 da suka kamu da cutar. Ya nuna cewa a kwana 30 na farko haɗarin gudan jini a huhu ya ninka kusan sau 33, kuma bai koma daidai ba sai bayan watanni, har zuwa wata 6 ga wasu. Haɗarin ya fi yawa ga waɗanda cutar ta kai asibiti, amma ko waɗanda suka yi jinya a gida bai bar su ba.

Abin da za mu ɗauka a nan shi ne: saukar zazzaɓi ba ita ce ƙarshen lura ba. A ƙauyukanmu mutane kaɗan ne ke yin gwajin korona, saboda haka duk wanda zazzaɓi da tari suka kwantar da shi kwanaki, a ci gaba da sa ido a kan ƙafarsa da numfashinsa na wasu watanni.

Su wa suka fi shiga haɗari?

Gudan jini ya girmi korona, kuma ko babu ita yana kama mutane. Ga waɗanda ya kamata a fi kula da su, balle in korona ta haɗu da halin da suke ciki:

- Dattawa da suka haura shekara 60, da masu ƙiba sosai, da masu shan taba.
- Mai juna biyu da mai jego. Makonni 6 na farko bayan haihuwa, wato kwanakin da muke kira arba'in, su ne mafi haɗari, musamman ga wadda aka yi wa tiyata. Hutun jego abu ne mai kyau, amma hutu ba yini a kwance ba ne.
- Wanda ya karye, ko a asibiti aka ɗaure shi ko wurin maɗori, da wanda aka yi wa aiki, da mai shanyewar ɓarin jiki.
- Masu sikila, da masu ciwon daji, da masu ciwon zuciya.
- Matan da ke shan wasu nau'o'in ƙwayar tazarar haihuwa. Ba duka ne ke da wannan illa ba, ma'aikaciyar asibiti za ta zaɓa wa mace wanda ya dace da ita.
- Matafiya. Zaman da ya wuce awa 4 ba motsi yana ƙara haɗari: direban babbar mota, da ɗan kasuwar da ya bi dabbobi ko hatsi zuwa Legas ko Fatakwal a takure, da alhajin da ke cikin jirgi zuwa Jidda ko Madina.
- Wanda ya taɓa yin gudan jini, ko aka taɓa yi a gidansu.

Alamomi

A ƙafa: kumburin ƙafa ɗaya, ciwo ko ɗaurewa a sha-raɓa ko cinya, wurin ya fi ɗaya ƙafar ɗumi, fata ta yi sheƙi ko ta ƙara duhu. Littattafan Turawa kan ce wurin zai yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka kada a jira ganinsa. In ƙafafu biyu ne suka kumbura tare, an fi zargin zuciya ko ƙoda ko hawan jinin masu ciki. Shi ma na asibiti ne.

A ƙirji: haki ko sarƙewar numfashi da ta zo farat ɗaya, ko wadda ke ƙaruwa bayan an fara samun sauƙi, suka a ƙirji ko haƙarƙari da ke tsananta in an ja numfashi, zuciya na dukan uku-uku alhali mutum na zaune, tari da jini a cikin kaki, jiri, gumi mai sanyi, ko suma, leɓe da harshe su dushe.

Ba dole alamomin su taru duka ba. Mutane da yawa gudan kan kai huhunsu ba tare da ƙafa ta taɓa kumbura ba. Tarin fuka ma yana sa tari da jini, amma shi sannu a hankali yake zuwa, da rama da gumin dare na makonni. Gudan jini kuwa ba ya sallama.

Akwai awo biyu da kowa zai iya yi da agogon waya. Ka dubi ƙirjin majiyyaci yana hutawa, ka ƙirga sau nawa ya ɗaga a minti ɗaya. Lafiyayyen babba yana yin 12 zuwa 20. In ya haura 20 a nemi ma'aikacin lafiya, in ya kai 30 gaggawa ce. Sannan ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugun jini. Daidai shi ne 60 zuwa 100. Wanda ya haura 100 yana zaune, ga kuma haki, kada a kwana da shi a gida. Ko da awon ya fito daidai, in alamomin da muka lissafa suna nan, a tafi.

Abin yi da abin bari

A yi waɗannan:

1. A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.
2. A zaunar da mai haki a jingine. Kada a sa shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa abin hawa. Mota ta fi. In babur kaɗai ake da shi, wani ya zauna a baya ya riƙe shi.
3. A buɗe taga, a rage taron mutane a kansa.
4. A gaya wa ma'aikacin lafiya komai: yaushe zazzaɓi ya fara, kwana nawa aka yi a kwance, an yi doguwar tafiya ko haihuwa ko karaya, wane magani aka sha, na kemis da na gargajiya.

A bar waɗannan:

1. Tausa, murza, ko gasa ƙafar da ta kumbura.
2. Ƙaho, tsaga ko sakiya. Gudan yana can cikin jijiya mai zurfi, ƙaho ba ya kai gare shi. Baƙin jinin da ke fita a ƙaho jinin fata ne da ya daskare bayan ya fito.
3. Turara hayaƙi ga mai sarƙewar numfashi.
4. Ɗura wa wanda ya suma ruwa ko jiƙo.
5. Sayen maganin tsinka jini a kemis ba tare da likita ba.

Ciwon da ya zo farat ɗaya, mutane kan ce jifa ne ko iska. Yanzu mun san hanyar da yake bi. Addu'a kuwa ba ta hana tafiya: a yi ta a cikin mota, ana tafe ana roƙon Allah sauƙi. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

Daga yankinmu na Gwaram, matakin farko shi ne asibiti mafi kusa, domin a auna a rubuta takardar turawa. Asibitin Tarayya na Birnin Kudu babban asibiti ne da ke kusa da mutanen Gwaram. In ana buƙatar ƙarin bincike, likita na iya turawa Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Me ake yi a asibiti?

Za a maƙala wata 'yar na'ura a yatsa don auna iskar da ke cikin jini. Lafiyayye yakan nuna 95 zuwa 100. In ta yi ƙasa sosai, a sa oksijin. Ana iya ɗibar jini, a yi hoton jijiyoyin ƙafa da irin na'urar da ake duba masu ciki, ko a ɗauki hoton ƙirji na musamman da ke nuna hanyoyin jinin huhu.

Babban magani shi ne wanda jama'a ke kira mai tsinka jini. Akan fara da allurar hefarin ko danginta, sannan a koma ƙwaya irin su wafarin ko ribaroksaban. Aikinsa shi ne hana gudan girma da hana wani sabo fitowa, jiki kuma ya narkar da tsohon a hankali. Shi ya sa ake shan sa aƙalla wata 3. Mai shan sa ya kiyaye waɗannan:

- Kada ya daina don ya ji sauƙi, kada ya tsallake rana, kada ya ninka.
- Kada ya haɗa shi da asfirin, ibuprofen, diklofenak ko jiƙe-jiƙe sai da izinin likita, domin suna iya jawo zubar jini.
- Babu ƙaho, babu tsaga, babu cire haƙori sai an sanar da mai yi da kuma likita.
- Mai shan wafarin zai riƙa komawa gwajin jini. Ganye irin su zogale da alayyahu suna rage ƙarfinsa, don haka ya ci gwargwadon yadda ya saba, kada ya ƙara ko ya rage farat ɗaya.
- Wafarin na cutar da ɗan tayi. Mace ta faɗa in tana da ciki ko tana sa rai.
- In ya ga haɓo da ya ƙi tsayawa, jini a fitsari, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko matsanancin ciwon kai, ya koma asibiti nan take.

Rigakafi

Motsi ya fi laɓewa. Majiyyacin da zai iya tashi, a taimaka masa ya zaga tsakar gida sau da yawa a yini. Wanda ba zai iya ba, ya riƙa lanƙwasa tafin ƙafarsa sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki, sau 10 zuwa 20 kowace awa in yana farke, ya kuma riƙa juya kwanciya. Mai jego ta riƙa takawa a cikin gida tun kwanakin farko. Matafiyi ya sauka ya miƙe ƙafa duk inda mota ta tsaya, a jirgi kuma ya riƙa motsa sawunsa yana zaune.

A sha ruwa isasshe, musamman da bazara da lokacin zazzaɓi. Mai azumi ya sha sosai tsakanin buɗa-baki da sahur. Wanda ciwo ya kwantar, addini ya yi masa rangwame, ya tambayi malami da likita.

Sai allurar rigakafin korona, wadda ta iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka yi fice wajen karɓarta. Wani zai ce, "Ai mun ji ita ma allurar tana sa gudan jini." Ga gaskiyar magana: a watan Afrilu 2021 hukumar magunguna ta Turai ta tabbatar cewa allurar AstraZeneca kan jawo wani nau'in gudan jini da ba safai ake ganinsa ba, ga mutum ɗaya cikin dubban mutane masu yawa, a makonnin farko bayan allurar. Wanda ya yi tasa shekarun baya ya wuce wannan lokaci. Gudan jinin da cutar kanta ke jawowa ya ninka wannan nesa ba kusa ba, kuma allurar tana rage tsananin ciwon da ke kwantar da mutum. Dattijo ko mai wata cuta ya nemi shawarar ma'aikacin lafiya a kan allurar da ake da ita yanzu.

Taƙaitawa

Jinin ƙafa ta huhu yake bi. Kwanciya, raunin jijiya da saurin daskarewa ne ke haifar da guda, korona kuma tana kawo ukun tare, har bayan an warke. Ƙafa ɗaya da ta kumbura, ko haki da ya zo farat ɗaya, saƙo ne na a tashi yanzu. A misalinmu ba likita ne ya fara ceton dattijon nan ba. Ɗansa ne, da zare da abin da ya koya a aji, da ladabin da ya sa iyayensa suka saurare shi. Kowannenmu zai iya zama wannan ɗa a gidansu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sababbin kalmomi

- Gudan jini: jinin da ya daskare ya dunƙule.
- Sha-raɓa: tsokar da ke bayan ƙwauri.
- Oksijin: ɓangaren iska da jiki ke rayuwa da shi.
- Garkuwar jiki: rundunar da ke yaƙar cuta a cikin jiki.
- Takardar turawa: wasiƙar da ƙaramin asibiti ke rubuta wa babba.

Tambayoyi

1. Wace hanya gudan jini ke bi daga ƙafa zuwa huhu?
2. Kawo dalilai uku da ke sa jini ya daskare a jijiya, ka nuna yadda korona ke jawo kowanne.
3. Me ya sa ba a tausa ko ƙaho a ƙafar da ta kumbura?
4. Lissafa alamomi huɗu na gudan jini a huhu.
5. A binciken Hambog, mutum 7 cikin 12 suna da guda a ƙafa. Mutum nawa ne ba su da shi?
6. Cike gurbi: Maganin tsinka jini ana shan sa aƙalla wata ____.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu, maza da maza, mata da mata. Kowa ya ƙirga numfashi da bugun jinin abokinsa na minti ɗaya, ya rubuta a littafi. Sannan ku gwada kaurin sha-raɓar dama da ta hagu da zare ko tef ɗin tela, a wuri ɗaya ƙasa da gwiwa, ba tare da matsawa ba. Bambancin da ya wuce santimita 3 abin nuna wa ma'aikacin lafiya ne.

Aikin gida

Ka rubuta lambar wayar direbobi biyu na garinku da za a iya tasa da dare, da ta ma'aikacin lafiya mafi kusa, ka liƙa a bangon ɗaki. Ka tattauna da mai unguwa ko 'yan adashinku yadda za a ware wani abu domin kuɗin mota na gaggawa. Sannan ka koya wa mutum ɗaya a gidanku, musamman mai jinyar tsoho ko mai jego, motsin tafin ƙafa da ka koya yau. A darasi na gaba kowa zai faɗi wanda ya koya wa.